Müller: tambayoyi da amsoshi kan sunan da ya fi kowanne yawa a Jamus

Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo daren 8 ga Yuli 2014, ranar da Jamus ta yi wa Brazil ci 7 da 1, ya san wanda ya fara buɗe ragar a minti na 11, Thomas Müller. Tun lokacin nake jin mutane suna tambaya wai shi wannan suna me yake nufi, me ya sa in ka kunna labarai sai ka ji minista Müller, likita Müller, marubuciya Müller, kamar gida ɗaya ne ya cika ƙasar. To ga tambayoyin da aka fi yi min na tattara, na amsa iya abin da na tabbatar.

Wai mene ne ma'anar Müller ɗin?

Mai niƙa. Shi ke nan fa, mutumin da ake kai wa hatsi ya mayar da shi gari. Gidan niƙan kansa suna ce masa Mühle, mai aikin kuma Müller. Kenan in a unguwarmu ne, wanda za ka ji ana cewa "kai wa Audu mai inji masarar nan", shi ne Müller. Ba sunan sarauta ba ne, ba sunan gari ba ne, sunan sana'a ne tsantsa.

Ya ake furta shi, kuma ɗigo biyun nan da ke kan u na mene ne?

Mu dai Mula muke cewa, su ma masu sharhin ƙwallo da Turanci kusan haka suke faɗa, amma a bakin Bajamushe wasalin daban yake. Ka tsuke leɓɓanka kamar za ka ce "u", sai ka bar su a haka ka ce "i", sautin da zai fito shi ne ü. Ƙarshen kuma ba a kaɗa r ɗin, yana fitowa kamar "a" gajere. Ɗigon ba ado ba ne, harafi ne mai zaman kansa a wajensu, shi ya sa in kwamfuta ko waya ba ta da shi ƙa'idarsu ita ce a rubuta ue, ya zama Mueller. Ko a fasfo ɗin Jamus, layin ƙasa da na'ura ke karantawa MUELLER ake sawa.

Kalmar asalinta ta Jamusanci ce?

A'a, aro ce, amma tsohon aro. Daga Latin ta zo, harshen Rumawa, inda ake ce wa gidan niƙa molina, mai aikin kuma molinarius. A tsohon Jamusanci ta koma mulinari, daga baya mülner, daga nan müller. Dalilin aron ma yana da daɗin sani. Kafin Rumawa su iso bakin kogin Rhine da Mosel, Jamusawan farko da dutsen niƙa na hannu suke aiki, a cikin gida, suna kuma da tasu kalmar ta wannan dutse, quirn. Rumawa ne suka kawo musu injin da ruwan kogi ke juyawa, wata ƙatuwar ƙafa ta katako da ruwa ke bugawa tana juya dutse a kan dutse. Sabon abu ya zo da sunansa, kamar dai yadda muka karɓi inji da famfo da sunayensu. Tsohuwar kalmar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, ta maƙale a wasu sunaye irin su Querner, amma sabuwar ce ta cinye kasuwa. Injin da iska ke juyawa kuwa daga baya ya zo, wajen ƙarni na 13, ya fi yawa a arewa inda ƙasa take shimfiɗe ruwa ba ya gudu da ƙarfi.

Yaushe ya tashi daga sunan sana'a ya koma sunan gado?

Ba rana ɗaya aka yi ba. Da can Bajamushe suna ɗaya yake da shi. Daga ƙarni na 12 birane irin su Köln da Mainz da Regensburg suka fara cika, sunayen yanka kuma ba su da yawa, Hans da Heinrich da Konrad su ne ko'ina, to in magatakarda zai rubuta haraji ko bashi ko cinikin gona dole ya bambanta wane Hans ake nufi. Sai a rubuta Hans mai niƙa. Da farko laƙabi ne na mutum ɗaya, amma da yake ɗa ne ke gadon gidan niƙan ubansa sai laƙabin ya bi ɗan, ya bi jikan, har aka kai lokacin da jikan ya koma ɗinki ko noma amma takarda na ci gaba da kiransa Müller. Abin ya fara daga kudu da yamma ya gangara arewa, daga birni ya shiga ƙauye, zuwa ƙarni na 15 ya zama ruwan dare a yawancin wurare.

Duk da haka mutum na iya canza suna yadda ya so har sai da hukuma ta sa baki. A Bavariya da ke kudancin Jamus an hana canza suna barkatai a 1677. Mutanen Friesland ta Gabas, can bakin teku, sun daɗe suna kiran mutum da sunan ubansa irin namu, sai a 1811 dokar Napoleon ta tilasta musu ɗaukar sunan iyali tsayayye. Daga 1 ga Janairu 1876 kuma rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta koma hannun ofishin gwamnati a duk faɗin Jamus, daga nan yadda aka rubuta sunanka haka zai zauna, ko da harafi ɗaya ne ya bambanta ka da ɗan baffanka.

To me ya sa shi ya fi yawa, bai zama manomi ba tunda manoma ne suka fi yawa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so. Laƙabi amfaninsa ya ware mutum daga sauran jama'a. A ƙauyen da kowa manomi ne in ka ce Hans manomi ba ka faɗi komai ba. Amma mai niƙa ɗaya ne a ƙauyen, kuma kusan kowane ƙauye mai rafi yana da nasa, dan abincin mutanen burodi ne da fate-faten gari, alkama da ɗan uwanta da suke kira Roggen, babu gidan da zai kwana bai buƙaci gari ba. Ka lissafa dubban ƙauyuka kowanne da mai niƙa ɗaya da kowa ya sani, ka ga inda yawan ya fito.

Akwai kuma dokar da ta ƙara ɗaure abin, suna kiranta Mühlenzwang, wato tilascin niƙa. A 1158 sarkin daular Jamus ta wancan zamani, Friedrich Barbarossa, ya sa haƙƙin kafa injin niƙa cikin haƙƙoƙin sarauta, daga nan sarakunan yankuna da masu ƙasa da gidajen ibada na sufayen Kirista suka riƙe abin. Mai ƙasa shi ke gina injin ya ba wani haya, sannan ya wajabta wa duk manoman da ke ƙarƙashinsa su kai hatsinsu wannan injin kaɗai. Ka kai wani wuri a ci ka tara, a wasu wuraren ma har dutsen niƙa na hannu an hana ajiyewa a gida. Ka duba wannan hali fa, hatsinka ne ka noma da guminka amma ba ka da ikon zaɓen inda za a niƙa maka. A Prussia, tsohuwar masarautar arewacin Jamus, sai 1810 aka soke wannan tilas, wasu yankunan suka ja har bayan 1860. Kenan shekaru ɗaruruwa mai niƙa yana zaune wuri ɗaya, gidan na wucewa daga uba zuwa ɗa, ba yadda za a yi sunan bai kama ƙasa ba.

Daga layin gidan niƙan nan ne ma suka samu karin maganar da har yau suke yi, wanda ya riga zuwa shi ake fara niƙa wa. Asalinta doka ce, tana rubuce a kundin shari'ar yankin Sachsen na wajen 1220 zuwa 1235. Duk wanda ya taɓa jera kwano a bakin inji da yamma ana gardamar wa ya riga wa zai gane dalilin da ya sa sai da aka rubuta ta.

Shi mai niƙan babban mutum ne ko talaka?

Nan abin yake da ban tausayi. Ta fannin abin hannu da yawa daga cikinsu sun fi manoman da ke kewaye da su, saboda ba kuɗi ake biyansu ba, wani kaso suke ɗiba daga hatsin, awon da ake kira Metze, sau da yawa ɗaya cikin 16, ya danganta da yanki. Suna da dusa ta kiwo, suna da tafkin da ke tara wa injin ruwa har da kifi a ciki. Amma ta fannin mutunci an daɗe ana ƙasƙantar da su. Manomi ya kawo buhu a cike ya karɓi gari ya ga kamar ya ragu, ba shi da yadda zai tabbatar, ba shi kuma da ikon komawa wani injin, sai zargi ya zauna a zuciya cewa mai niƙa ɓarawo ne. Ga shi gidansa can bayan gari bakin rafi, injin na aiki har dare, sai camfi ya ƙaru a kai, ana cewa yana hulɗa da aljanu.

Har ta kai a garuruwa da dama an sa masu niƙa cikin sana'o'in da ake kira marasa mutunci, tare da masaƙan lilin da wanzamai da makiyayan tumaki, ɗan mai niƙa ya je koyon wata sana'a ƙungiyar masu sana'ar ta ƙi karɓarsa saboda aikin ubansa. Sai da dokar daular Jamus ta 1548 ta fito ta ce a karɓe su, aka sake nanatawa a 1577, kuma maimaitawar ma ta nuna maka mutane ba su ji ta farko ba.

Ni wannan yana taɓa ni gaskiya. Mai injin unguwarmu lokacin da nake yaro, gira da gashin baki duk fari fat da gari, tari ba ya barinsa, in bel ya tsinke shi ke durƙusawa ya ɗinke mata na tsaye a kansa suna mita, kuma da wuya a watse ba wadda ta ce an rage mata gari. Aiki ne da kowa ke ci daga gare shi amma ba a cika gode wa mai yinsa ba. Ba na cewa babu maha'inta a cikinsu, akwai, shi ya sa ma hukumomin garuruwa suka riƙa kafa sikeli na auna hatsi kafin a niƙa da bayan an niƙa. Amma a ɗora wa zuri'a gaba ɗaya tabo saboda sana'a zalunci ne. Sai ga shi yau sunan da aka taɓa hana ɗansa shiga ƙungiya shi ne na ɗaya a ƙasar.

Su nawa ne a Jamus?

Ƙiyasin da aka fi bayarwa wajen mutum 700,000, kusan mutum ɗaya cikin ɗari kenan ko ƙasa da haka kaɗan. A Suwizalan ma shi ne na ɗaya. Bayansa a Jamus sai Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi, sannan Meyer wakilin gonar mai ƙasa, Wagner mai ƙera keken doki, Becker mai gasa burodi, Schulz mai kama da dagaci, Hoffmann ma'aikacin gandu. Goman farko duk aiki ne ko muƙami. Sai dai a faɗi gaskiya, in aka haɗa Schmidt da Schmitt da Schmid da Schmitz wuri ɗaya a matsayin suna guda, maƙera sun fi masu niƙa yawa. Müller ya ci gasar ne saboda rubutunsa bai rarrabu sosai ba.

Yawan nasa ya sa ya shiga maganar yau da kullum. In suna son cewa su wane da wane sai su ce Müller, Meier, Schulze. In kuma ana maganar mace gama-gari, 'yar talakawa da ba ta da wani muƙami, sai a ce Lieschen Müller.

Möller da Miller da Mueller duk abu ɗaya ne?

Tushe ɗaya, bakin yanki ne ya bambanta. A arewacin Jamus Möller suke cewa, kamar Andreas Möller da ya ci kofin duniya a 1990 da kofin Turai a 1996. A Bavariya da Ostiriya za ka ga Müllner, a wasu sassan kudu kuma bakinsu ya mayar da ü ya zama i sai ya fito Miller. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka wasu suka koma Mueller, irin Robert Mueller da ya shugabanci FBI daga 2001 zuwa 2013, wasu da yawa suka narke cikin Miller na Ingilishi wanda dama ma'anarsu ɗaya.

Maƙwabta ma kowa da nasa. Holan suna da Mulder da Molenaar, Denmak Møller, Hungari Molnár, Italiya Molinari, Faransa Meunier. Thomas Meunier ɗan Beljiyam da ya buga wa PSG da Dortmund, in ka fassara sunansa shi ma Thomas Müller ne sak. A Yukren kuma Melnyk, shi ma mai niƙa, yana sahun gaba a sunayen ƙasar.

Dogayen nan fa, irin Obermüller da Neumüller?

In gari ya girma ya samu inji biyu ko uku sai matsalar farko ta dawo, wane mai niƙan? Sai a ƙara bayani. Obermüller na saman rafi, Niedermüller na gangare, Neumüller na sabon inji, Waldmüller na daji, Bachmüller na bakin ƙorama, Windmüller mai injin iska. Wasu kuma abin da injin ke yi ne, Ölmüller mai matse mai, Sägmüller mai yankan katako, dan ƙarfin ruwan ba hatsi kaɗai yake niƙawa ba. Akwai ɗaya da ya shiga tarihin duniya, Martin Waldseemüller, masanin zanen taswira, shi ne a 1507 ya fara rubuta sunan Amerika a kan taswira.

Thomas Müller ɗan Gerd Müller ne?

Ba ɗansa ba ne, ba su haɗa jini ba, duk da dukkansu 'yan Bavariya ne kuma dukkansu Bayern Munich suka yi suna. An haifi Gerd a Nördlingen a 1945, ya ci ƙwallo 68 a wasa 62 da ya buga wa Jamus ta Yamma, 365 a Bundesliga, shi ya ci ƙwallon da ta ba su kofin duniya a 1974 da suka doke Holan 2 da 1, ya rasu a watan Agusta 2021. Ƙwallo 40 da ya ci a kakar 1971 zuwa 1972 sai da aka yi shekara 49 kafin Lewandowski ya wuce da 41. Kafin ƙwallo ta ɗauke shi saƙa ya koya a masana'antar yadi, ga Müller masaƙi kenan, wanda ke nuna maka sunan ya daɗe da rabuwa da sana'ar. Thomas kuma 1989 aka haife shi, ya tashi a ƙauyen Pähl, ya ɗauki takalmin zinare a kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu da ƙwallo 5, ya bar Bayern a 2025 ya koma Vancouver. Abin da ya haɗa su shi ne Gerd yana cikin masu horar da ƙungiyar Bayern ta biyu lokacin da Thomas ke tasowa. A tawagar Jamus ta Yamma ta kofin duniya na 1978 ma akwai Müller biyu, Dieter da Hansi, su ma ba dangi ba ne.

Ƙa'idar dai ita ce, Müller biyu in sun haɗu kar ka ɗauka 'yan uwa ne, sunan ya tsiro ne a wurare dubbai ba tare da wani ya san wani ba.

Ban da 'yan ƙwallo akwai wasu da ya kamata mu sani?

Akwai ɗaya da sa hannunsa ya taɓa mu kai tsaye. Hermann Müller, ministan harkokin wajen Jamus, yana cikin mutum biyu da suka sa hannu a yarjejeniyar Versailles ta bayan yaƙin duniya na ɗaya ranar 28 ga Yuni 1919, wadda ta raba Jamus da ƙasashen da take mulka a Afirka har da Kamaru da Togo. Daga nan aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, kuma yankin arewa na ɓangaren Ingila, su Mubi da Gwoza da Dikwa, ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar 1961. Shi Hermann ɗin daga baya ya yi shugaban gwamnati sau biyu, 1920 da kuma 1928 zuwa 1930.

Sai Paul Müller ɗan Suwizalan da ya gano a 1939 cewa DDT na kashe ƙwari, aka ba shi Nobel a 1948 saboda amfanin maganin wajen yaƙi da sauro da ƙwarƙwata, kafin daga baya a gano illarsa ga muhalli. Herta Müller, 'yar Jamusawan Romaniya, ta ci Nobel na adabi a 2009. Masu sauraron DW kuma za su tuna wani Gerd Müller ɗin daban, ministan raya ƙasashe daga 2013 zuwa 2021, da ya riƙa zuwa Afirka. Akwai kuma wanda sunansa ke tayar da hankali, Heinrich Müller shugaban Gestapo, 'yan sandan sirri na Hitler, mai hannu dumu-dumu a kisan Yahudawa. Suna mai yawa haka dole ka samu kowane iri a ciki.

Sunan Kiristoci ne ko na Yahudawa?

Ba na addini ba ne. Mafi yawan masu shi Kiristoci ne saboda su ne mafi yawa a ƙasar, amma akwai iyalan Yahudawa masu shi, musamman bayan an wajabta musu ɗaukar sunan iyali, a Ostiriya 1787, a Prussia 1812.

Mace in ta auri Müller dole ta koma Müller?

Da haka ne. A tsofaffin takardu ma za ka ga an ƙara wa matar ɗafa-ƙeya a ce Müllerin. Daga 1994 doka ta ba kowa damar riƙe nasa sunan bayan aure, miji ma na iya ɗaukar na matar, kuma daga 1 ga Mayu 2025 ma'aurata da 'ya'yansu na iya haɗa sunaye biyu. Masu suna Müller dama sun daɗe da son haɗawar dan su fita daga cikin taro, irin Müller-Wohlfahrt, likitan da ya daɗe yana duba 'yan wasan Bayern da na ƙasa.

Mu ma ai muna da irin wannan ko?

Rabin hanyar muna da ita. Muna cewa wane Tela, wane Maƙeri, wane Mai Goro, a Kano ma ga unguwanni irin Dukawa da Soron Ɗinki. Bambancin shi ne mu laƙabin yakan tsaya kan mai shi, ɗansa sai ya ɗauki sunan uba ko na gari a makaranta. Su kuwa takardun haraji da na coci suka kama laƙabin suka ƙi saki. Yanzu da NIN da BVN suka fara daskarar da sunayenmu, ina ganin jikokin wasu Tela da Mai Goro ɗin za su tashi da sunan ko ba su taɓa riƙe almakashi ko huhun goro ba.

Har yanzu akwai masu niƙa a Jamus?

Akwai amma sun yi kaɗan. Injin tururi da na lantarki da manyan masana'antun fulawa sun kashe ƙanana tun daga ƙarni na 19, a 1957 ma Jamus ta Yamma ta yi doka ta riƙa biyan masu ƙananan injina kuɗi dan su rufe. Daga dubbai, manyan da ake ƙirgawa a hukumance yanzu ba su kai 200 ba, kuma su ke ciyar da mutum sama da miliyan 80. Ana koyon aikin shekara uku, sai dai mai yinsa yanzu gaban kwamfuta yake zama yana duba danshin alkama da laushin gari. Tsofaffin gidajen niƙan da suka tsira kuma ƙungiyoyin sa kai ke kula da su, tun 1994 suke da rana guda a shekara, Litinin ɗin da ke bin bikin Fentikos na Kiristoci, da ake buɗe ɗaruruwansu a saki ruwa ƙafar katakon ta juya, a zuba hatsi yara su ga gari na fitowa daga tsakanin duwatsu biyu.